Ranar Da Na Ce Ban San Mai Ludayi Ba

Zuwa ga Goggona abar girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Likita da iyalinsa baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya Likita ya ce ya saya miki sanda kin jingine ta a bayan ƙofa, wai ke ba tsohuwa ba ce. Allah ya ƙara sauƙi, ya ƙara miki nisan kwana. Mu nan kowa lafiya lau. Kawu ya bar aiki, yanzu sana'arsa zama a ƙofar gida yana ba masu wucewa shawarar da ba su nema ba. Matar Gajere ta sauka lafiya, an sami mace, kuma duk wanda ya ɗauke ta sai ya ce hancinki ta kwaso.

Goggo, wata magana ce na kasa gaya miki a waya, shi ya sa na ɗauki biro. Kin san kamfanin abincin da nake wa aiki, wanda kika yi wa wahala tun yana shago ɗaya, ya cika shekara ashirin da biyar. Rassa arba'in da biyu ke gare shi yanzu. Da yake ina sashen talla a babban ofis, ni aka ɗora wa rubuta tarihinsa, wanda za a buga a bangon kowane reshe da kuma bayan takardar jerin abinci.

Da za ki shiga ɗaya daga cikin rassan yau, da kin riƙe baki. Ko'ina gilashi da fitilu, ga wani allo mai haske a sama da hotunan abinci. Mutum ya ɗauki tire ya bi layi, ya fara zaɓar shinkafa ko burodi ko soyayyen dankali, sannan gasasshiyar kaza ko kifi ko naman sa, sai ganye, sai miya har kala shida. An ƙara wasu abubuwa masu dogayen sunaye da ni kaina sai na duba takarda nake iya faɗa. Amma lamba ɗaya tana nan yadda kika bar ta, wato kazar nan mai miyar lemon tsami da tafarnuwa da albasar da ake soyawa har ta yi ja. Ita ce har gobe take fara ƙarewa kafin azahar.

Babu wanda ya fi ni sanin asalin abin, tunda a hannunki na tashi. Na san shagon farko na bakin tasha mai tebur huɗu. Na san Dattijo, mai kamfanin, tsohon direba ne da ko ƙwai bai iya soyawa ba. Na san ranar da masu kai abinci tebur su biyu suka ƙi zuwa, ga jama'a sun cika shago, kika jera tukwane a kan benci, kika ce kowa ya ɗauki farantinsa ya nuna abin da yake so ki zuba masa. Wannan dabarar da kika yi don ki tsira da ranar, ita ake koya wa sababbin ma'aikata yanzu a aji, har da littafi.

Wata biyu da suka wuce aka kira taro a kan tarihin. Manajoji sun cika dogon tebur, yawancinsu sababbi ne, 'yan gayu masu manyan digirori. Ɗan Dattijo, wanda ke riƙe da kamfanin yanzu, ya rako mahaifinsa, tsohon yana dogara sanda. Sai Dattijo ya zaro wani tsohon hoto daga aljihu ya ce a zagaya da shi. Ke ce, Goggo. Kin ci ɗamara, gumi ya jiƙe miki riga, silifas ɗinki ɗaya an ɗaure shi da waya, ludayi a hannu. Wani manaja ya ce wannan baiwar Allah kamar mai ɗaukar hoton za ta kwaɗa wa ludayin. Aka fashe da dariya. Ni ma na yi dariyar.

Dattijo ya jira aka yi shiru, ya ce wannan ita ce Mai Ludayi, ita ta kafa komai, shi rumfa kawai ya kama. Ya ce burinsa a rubuta cikakken sunanta a bango, a kuma sa wa lamba ɗaya sunanta. Sai ya juyo ya dube ni, ya tambaye ni ko na san ta, ko na san wani nata. Na dubi hoton, na dubi takalman mutanen da ke zagaye da ni. Dama tun zuwana ofis na gaya musu wai malamar makaranta ce ta riƙe ni. Na buɗe bakin nan da kika ciyar, na ce ban san ta ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da hoton aljihu, ya ce to shi ke nan.

Haka na zauna na rubuta tarihin da hannuna. Inda sunanki ya kamata ya zauna, na sa "wata ma'aikaciya". An buga shi da manyan baƙaƙe a bango arba'in da biyu. Ranar bikin buɗe tarihin aka zubo mini lamba ɗaya, ana ta yaba rubutuna, ni kuwa na ture farantin gefe. Wallahi Goggo tun da nake ban taɓa jin na raina kaina irin na ranar ba.

Makon jiya na kasa jurewa, na tafi gidan Dattijo na durƙusa na gaya masa gaskiya. Bai katse ni ba har na gama kukana. Sannan ya ce ai tun ranar da na fara sa ƙafa a ofis ya san ko ni wace ce. Ya ce shekara shida da suka wuce, lokacin da nake yawo da takardu ba mai kula ni, ke kika kira shi kika roƙe shi ya duba nawa, kika kuma sa ya yi miki alkawarin ba zai gaya mini ba, don in yi aikina da ƙarfin gwiwa. Ya ce sunanki da lambar wayarki suna wurinsa, ba nemansu yake yi ba. Ya tambaye ni a gaban mutane ne don in sami darajar faɗa da bakina.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne na ƙarshe. Ya ce da aka tashi daga taron ransa a ɓace ya kira ki ya gaya miki komai, ya ce zai sa sunan ko ina so ko ba na so. Kika hana shi. Kika ce ya rufa mini asiri a gaban abokan aikina, bango ai bango ne, a bar shi yadda na rubuta. Na zo gida na duba wayata, Goggo. Daga ranar taron zuwa yau mun yi magana sau tara. Duk taran kin sani, kuma abin da kike tambayata kawai shi ne ko ina cin abinci a kan lokaci.

Ranar Litinin akwai taron manajoji, na roƙi a ba ni minti biyar. Dattijo ya ba ni aron hoton, zan ɗaga shi a gabansu in faɗi wadda ta goya ni. Wannan ba sai na nemi izininki ba, nawa ne. Amma ya rantse ba zai taɓa bango ba sai kin janye hanin da kika yi. Don Allah ki janye, kada ki ƙara rufa mini asiri a kan wannan. Gafara kuwa nauyin roƙonta nake ji, amma ba ni da inda zan kai kaina sai wurinki. Ki yafe mini.

Ki gaishe mini da Yaya Likita da Anti, da 'Yan Biyu, da Auta mai ƙiriniya. Kawu da Gajere da mai jego duk suna gaishe ki. Allah ya bar mana ke.

Ni ce taki,
'Yar Mai Ludayi