Jan Zare a Shafina

Antwerpen, 9 ga Mayu, 1891

Zuwa ga maigidana Cyriel,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da 'yarmu Leonie da jaririyarta. Yaya ƙafar taka? Na san ba ka shafa maganin, kada ma ka soma yi mini ƙarya.

Na je gidan marayun nan, tunda ka hana ni sakat. Ka san rantsuwar da na yi cewa ba za a sa wa jikata sunana Donata ba. Shekara hamsin ina jin sunan nan kamar tambarin yasasshiya, wadda uwarta ta tura cikin akwatin ajiye jarirai na jikin bangon gidan ta yi gaba abinta.

Wata tsohuwar sista, Godelieve, ga nauyin kunne ga faɗa, ita ta ɗauko littafin shekarar da aka ajiye ni. Ta ce, "Ke, gotai-gotai da ke ba ki san ma'anar sunanki ba?" Wai harshen Latin ne, daga kalmar bayarwa. Namiji Donatus, mace Donata, wato wadda aka riga aka bayar kyauta. Kalmar ba ta faɗin wanda ya bayar. Na ce mata ai nan ciwon yake.

Sai ta buɗe shafina. Ka san uwa kan yaga hoton waliyyi gida biyu, ta sa rabi a zanen jariri, ta riƙe rabi don ranar da za ta zo karɓarsa. Cyriel, nawa cikakke ne! An haɗe shi da jan zare, ɗinki ƙanana irin nawa sak.

A ƙasa an rubuta cewa uwata ta dawo ina shekara huɗu. Mai wankau ce, tana tari har da jini. Aka kwatanta mata gonar da ake riƙona, ta taka har can, ta hango ni ta shinge ina cin burodi da man shanu, da takalmi a ƙafata. Ta komo ta roƙi allura, ta ɗinke rabinta da nawa, ta ce a bar ni inda nake ƙoshi.

Wallahi da ƙyar na iya taɓa zaren. Ashe sau biyu ta bayar da ni, na biyun tana kallona.

Ka ce wa Leonie kada a yi baftisma sai na iso ranar Asabar. Na janye rantsuwata. Ni zan riƙe yarinyar, kuma da bakina zan gaya wa Fada sunan.

Matarka mai kewarka,
Donata