Jamusancin da Nake Koya Don Takwararki

Zuwa ga Hajiya Binta, uwar 'ya'yana,

Assalamu alaiki. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba, babu ɗan aiken da ke zuwa inda kike. Amma labari ne ya cika mini ciki, kuma ke kaɗai za ki yi mini dariyar da ta dace da shi.

Binta, Jamusanci nake koya. Ni ɗin nan da kika sani, tsohon tela, wanda ko Turancin kirki bai iya ba.

Kin tuna kin bar matar Sani, Bajamushiyar nan, da ciki. To, mace ta haifa, aka sa mata sunanki, suna kiranta Ummi. Yanzu har ta shiga makaranta a can, kuma ba ta jin Hausa sai "Kaka". Kullum da safe ubanta yakan kira ni, irin kiran da ake ganin juna, ya miƙa mata waya. Ta dube ni, in dube ta, ta ɗaga hannu ta ruga. Jikata, amaryata, wadda ya kamata in riƙa tsokana ina cewa ba ta iya tuwo ba, ta mai da ni baƙo. Abin ya yi mini ciwo. Na ji tsoron in mutu yarinyar nan ba ta san ni ba.

Sai na roƙi uwarta ta riƙa turo mini gaisuwarsu ta safe a waya, ina taka keken ɗinki ina maimaitawa. Guten Morgen, wato ina kwana. Gut geschlafen, wato an yi barci lafiya? Sai yadda ake tambayar ƙarfe nawa aka tashi, da me aka karya. Gaisuwar tasu gajera ce ƙwarai, babu ya gajiya, babu ya mutan gida. Ran nan Alhaji Bala mai shagon kusa da nawa har leƙowa ya yi da ruwa a kofi, ya zaci ƙwarewa na yi.

Duk lokacin da na maimaita, safiyarki nake tunawa. Ƙarar guga a rijiya, sharar tsakar gida, sannan ki shigo da koko da ƙosai, ki gaishe ni, ki kwaso labarin unguwa kaf ki zube mini. Ni kuwa ina ta "to, to", rediyo na manne a kunnena. Kin zaci ba na sauraro ko? Ina ji, Binta. Ban taɓa gaya miki ba, amma surutun nan naki ya fi mini kokon daɗi. Me ya hana ni faɗa? Tun da kika tafi, shirun safiya ne abin da ya fi damuna a gidan nan.

Jiya na yi ta maza na tambayi Ummi da yarensu ko ta yi barci lafiya. Ta zaro ido, ta kwashe da dariya, ta gyara mini faɗar. Sannan ta gyara zama ta ɓarke da zance. Ta nuna mini burodinta, ta nuna mini giɓin haƙorinta da ya fita. Ban gane komai ba sai kalma ɗaya, madara. Uwarta na kira za a makara, ita kuwa ta ƙi sakin wayar. Na kashe rediyo. Na zauna ina kallon bakinta, ina dariya, hawaye na zuba.

Gobe in Allah ya kai mu zan tambaye ta abin da ta karya da shi. Da kina nan da ke za ki fi ni saurin koya.

Allah ya kai haske kabarinki, ya haɗa mu a gidan da ba a rabuwa.

Mijinki,
Malam Isa tela, Gwale