Taba da Kifi a Kan Ran Jatau

Juma'a da dare, watan Rajab

Dole in rubuta wannan. Jatau bai mutu ba!

Tun damina Baba Sule wanzami yake ja mana labarin sarakunan taurari a bayan rumfarsa, duk Juma'a kashi guda, mu 'yan ƙasar Hausa da aka tsallako teku da mu cikin bauta. Wancan mako ya tsaya daidai inda Sarkin Gamzaki ya ɗaure Jatau, matuƙin kwalekwalen sama, zai jefa shi cikin rana. Tun daga nan ban yi cinikin kirki ba. 'Yan dakon bakin teku sun rabu biyu, har Yarabawa masu jin Hausa sama-sama suna musu. Iliya masuncin ƙauyen Itapuã kuwa cewa yake labarin da ba a mutu ba na yara ne.

Da safe na je aski, alhali gashin bai fito ba. Na ajiye wa Baba tabar da nake ɓoye wa manyan masu saye.

Ya ce, "Garba, kai ka kawo a aske, ko bakina ka zo saye?"

Na ce, "Haba Baba, gaisuwa ce."

Ya nuna mini ƙaton kifi a rataye. "Iliya ma gaisuwa ya kawo."

Na fita ina ganin Jatau ya mutu ya gama. Amma da yamma sai ga Jatau ya tsinke igiya da haƙori, ya juya kwalekwale ya nufi tauraronsu! Sai da muka toshe bakin juna kada 'yan sintiri su ji ihu.

Da aka watse na ce, "Ashe tabata ta fi kifi."

Ya ce, "Ɗauki abarka, ɗan kasuwa. Mu ba mu koma gida ba, shi ma sai in hana shi?"