Sunan Achvarra Ya Shiga Majalisa

Ullapool, 20 ga Nuwamba, 1983

Zuwa ga ƙanwata Ishbel,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya sa sanyin Kanada bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa tun watan jiya. Inna tana nan, shekara tamanin da tara amma bakin bai tsufa ba. Jiya ma ta ce shayina ruwan wanke-wanke ne.

Zancen autanmu Torquil ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da ya faɗi zaɓe bayan shekara goma sha tara yana wakiltarmu a London, cewa muka yi shi ke nan, zai koma aikin lauyansa a Edinburgh. Ashe da sauran tafiya: an ɗaga shi zuwa Majalisar Dattawa da sarautar Lord. Yaron da nake wa wanka a bahon kicin! Na yi murna, amma gabana ya faɗi, don kin san wanda aka naɗa sai ya zaɓi sunan wani wuri ya liƙa wa sarautarsa, da shi za a kira shi har ya mutu. Matarsa Philippa tuni ta zaɓa masa sunan unguwar masu kuɗin da suke zaune, har tana gwada shi a baki. Inna kuwa ita kaɗai ta rage cikin manyan da aka tasa daga garinmu Achvarra, shekarar da mai gandun da garin ke ciki ya yaye rufin gidajenmu don bareyinsa su samu wurin kiwo, kina jaririya. Ta taɓa gaya min ranar da aka binne ta, ranar za a binne sunan garin.

Ban yi wata-wata ba na hau mota har Edinburgh, na same shi a ofis, na ce in ya ɗauki sunan unguwar masu ɗaga hancin nan, kada ya ƙara taka ƙofata neman kifi mai gishiri. Ya yi dariya ya ce Yaya Effie ba ta canzawa, faɗa kafin sallama. Ashe mako uku ke nan yana fama. Jami'in da ke tantance laƙabobi ya ce masa ba a naɗa mutum a wurin da babu shi a taswira, Achvarra kuwa an share ta tun kafin yaƙin duniya. Kunya ta kama ni amma ban nuna ba, na ce to lauyan me kake?

Ishbel, ƙaninki ya nuna musu shi lauya ne. Kwana tara ya yi cikin tsofaffin takardun kotu, har ya tono ainihin takardar korarmu, da sa hannun mai gandun, sunan garin sau bakwai a ciki. Ya ajiye ta gaban jami'in ya ce in babu garin, to daga ina aka kori uwarsa? Mutumin ya karanta, ya gyara tabarau, ya sa hannu.

Ranar naɗin mun je London da Inna a keken guragu, Philippa ce ma ta tura ta, Allah ya saka mata. Aka shigo da Torquil cikin jar alkyabba mai farin gashi, Inna ta ce kamar zakaran da ya faɗa cikin garin alkama. Amma da magatakarda ya kira shi da sunan gidanmu, Lord Gillanders na Achvarra, ta damƙe hannuna, har yau akwai shatin farcenta. Muka tsaya har ranar jawabinsa na farko, a kan haƙƙin ƙananan manoma. Al'adar gidan, wanda ya tashi bayan sabon shiga dole ya yabe shi, ya kira shi da cikakken laƙabinsa. Ki ce wa ya tashi? Ɗan mai gandun nan, wanda ya gaji kujerar ubansa. Ya miƙe fuska ja wur, ya furta Achvarra da bakinsa a gaban kowa. Inna, wadda ke jin motsin cokali daga ɗaki na uku, ta ce da ƙarfi a gaya masa ya maimaita, ita ba ta ji ba. Dogarin majalisa ya harare mu, ni kuwa dariya nake ina hawaye.

A jirgin ƙasa muna dawowa ta ce min yanzu duk ranar da Ubangiji ya kira ta, ita kaɗai za a binne.

Ki gaishe min da Alasdair, da Kirsteen da mijinta, da takwarata Effie ƙarama. Inna tana sa muku albarka. Ki rubuta wa Torquil, amma kada ki yabe shi da yawa, kansa ya isa haka.

Taki har kullum,
Yayarki Effie