Rigar Da Malam Ari Bai Ƙarasa Ba

Gwaggo mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji huɗu na tsaya.

Mijina Malam Ari ya rasu wata biyu ke nan, ina cikin takaba. Mai aikin riga ne a shagon Alhaji Babayo. Ya bar babbar rigar wani ango, mai aikin aska takwas, ya kai rabi. Da ma nakan taya shi cike zanen da zare, sai na aika wa Alhaji cewa ni zan ƙarasa. Ya yarda, ya ba ni kwana arba'in. Shekaranjiya kuma ya aiko, wai an matso da ɗaurin auren kafin azumi. Saura kwana goma sha biyu.

Gwaggo, ranar da na juya rigar don in ga inda ya tsaya, kasa motsi na yi. Babu ƙulli ko ɗaya. Bayan aikin tas kamar gabansa. Na bi da yatsa, ban gane inda zare ya ƙare wani ya soma ba. Shekara goma sha ɗaya ina yi masa mita wai ya cika nawa wajen aiki. Ashe har inda ido ba ya kaiwa sai ya gyara. Yanzu in na yi layi kusa da nasa sai in warware, jiya ma sau uku. Wani lokaci zama kawai nake ina kallo, allura a hannu.

Na san ba zan gama ba. In na gaya wa Alhaji, tsorona ya karɓe ta ya ba mai keken ɗinki. In na yi shiru ango ya rasa riga, sunan Malam ya ɓaci bayan ransa. Yaya zan yi?

Mai takaba, Dogo Nini, Potiskum, Sha'aban 1974

'Yata, Allah ya jiƙan Malam Ari, ya sa halinsa na gari ya bi shi. Da na karanta wasiƙarki sai da na tashi na juya rigar maigidana. Ƙulli na tarar rututu. Irin mijinki ba su da yawa.

Amma ki duba Alhaji. Alkawari ya ɗauka, kuma ba shi ya matso da ranar ba. In ya ji yau, yana da dabara. In ya ji ana jibi ɗaurin aure, sai keken da kike tsoro. Shirunki ne zai kai rigar can.

Kada maganar ta kwana. Ki tura wani ɗan'uwanki wajen Alhaji da rigar ya nuna masa bayanta, mai shago ya san abin da zai gani. Ya faɗa masa gaskiya ba za ki gama ke kaɗai ba, ya kuma faɗi abin da kike nema: mutum ɗaya mai aikin hannu ya riƙa zuwa zaurenku. Ke ki yi askakin gaba da safe, shi ya yi tambarin baya da yamma.

Sannan ki daina warwara. Malam ma ba rana ɗaya ya iya ba. In wata rana wani ya juya rigar ya ga ƙulli biyu ko uku, zai san inda mijin ya tsaya da inda matar ta ɗauka. Babu abin kunya a nan.

Allah ya ƙara miki haƙuri, ya sa ki fita takaba lafiya.

Gwaggonku