Motar da Na Rantse Ba Zan Ɗora wa Doya Ba

Zuwa ga Hajiya Damata,

Assalamu alaikum. Hajiya, don girman Allah ki taimake ni da shawara tun baƙin ciki bai kwantar da ni ba. Ban taɓa rubuta wa jarida ba, kuma ni ba mai tone-tonen gida ba ce, amma abin ya kai ni maƙura. Duk wanda na kai wa kuka a Salaga sai ya ce in yi haƙuri, kamar haƙuri ne zai kwaso mini doya daga gona.

Mu uku ne a wurin ubanmu. Ni ce babba, ina sana'ar doya a Salaga shekara ashirin da wani abu. Mai bi mini Sidiku, yana sayar da hatsi a Yendi. Sai autanmu Wahabu, direba ne a Bawku, yana tuƙa motar mutane. Ba sunayensu na gaskiya ke nan ba, amma in an karanta musu za su gane kansu, kuma su gane ɗin, ban damu ba.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, fataucin goro ya gada. Da girma ya zo masa sai ya sayi wata tsohuwar lori a hannun wani mutumin Kumasi. Hajiya, lorin nan ta ci shagonsa, ta ci gonarsa, ta ci lafiyarsa. Kwanakin da ta yi a wurin makanike sun fi waɗanda ta yi a hanya. Su Wahabu suna yara a lokacin, ni ce na ga ranar da ya kwashe tasoshin auren Mma, mahaifiyarmu, ya kai kasuwa don ya sayi injin da bai yi wata biyu ba. Har ya bar duniya maganarsa ɗaya ce, cewa wanda ya sayi tsohuwar mota ya sa kuɗinsa ne ya sayi wahalar wani. A ciwonsa na ajali ya maimaita mana, mu ukun muna zaune, cewa in za mu sayi mota mu sayi sabuwa ko mu haƙura.

Bayan sadakar arba'in muka yi shawara za mu haɗu mu sayi sabuwar pikap, irin wadda mutanen Najeriya ke kira a-kori-kura. Manyan motoci ba sa shiga hanyoyin gona, ita kuwa ba inda ba ta shiga. Ta kwaso mini doya zuwa bakin ruwa a Makango, ta kai wa Sidiku masara kasuwar Bimbilla, lokacin albasa ta koma Bawku, Wahabu ya huta da yi wa wani bauta. Kin san yadda kuɗinmu na sidi ya zama, abin da ka ajiye da ƙaramar Sallah kafin babba ya koma takarda. Shi ya sa duk abin da muka samu sai mu sayi sa ko karsana, mu kai wa wani Bafulatani da ke mana kiwo a wajen Zebilla, Wahabu yana leƙawa tunda shi ne kusa.

Shekarar farko da muka je Kumasi tambayar kuɗinta, shanu biyar kawai suka rage mana mu cika. Muka ce ai wannan ba komai, bayan kaka sai mu dawo. Da muka dawo, mai sayarwa ya dube mu ya yi murmushi, wai dala ta tashi, kuɗi ya kusa ninkawa. Shekara ta uku ya ce harajin tashar jirgin ruwa ne. Ta huɗu ko kujera bai ba mu ba. Su shanu ma suna tashi, ban ce ba sa yi ba, amma su da ƙafa suke tafiya, kuɗin mota kuwa da gudu. Wane irin zalunci ne wannan, Hajiya? Mutum ya hana kansa zane, ya hana kansa zuwa Makka, kowace shekara ya fi bara dukiya, amma ya fi bara nisa da abin da yake nema! Masu sa kuɗin nan ko sun taɓa ɗaukar doya a ka?

Duk da haka ni ban karaya ba. Muka kai shanu ashirin da uku, goma sha ɗaya nawa ne, gumina ne.

To ranar wata kasuwar Salaga, ina zaune a rumfata, sai na ji ana ta matsa oda, mutane na gudu. Ina ɗaga kai sai ga farar pikap, Wahabu a sitiyari yana washe baki, Sidiku a gefensa da sabuwar hula. Mata suka rufe ni da guɗa. Wallahi har ƙwalla na yi, na ɗauka Allah ya kawo sauƙi sun samo sabuwa. Da na matsa kusa sai na ga rubutun Faransanci yana leƙowa ta ƙarƙashin fenti. Na ɗaga tabarmar da suka shimfiɗa a baya, sai ga ƙarfe an yi masa faci biyu. Ashe tsohuwa ce, kwancen Turawa, daga Lome aka shigo da ita. Ashe sun sayar da shanun kaf, har da nawa, ba wanda ya ce mini ci kanki.

Wai hujjarsu mai motar kwana biyu ya ba su, akwai wani ɗan Wagadugu da ke jira da kuɗin sefa a hannu, kuma kafin saƙo ya zo Salaga ya koma an yi mako. Wai in muka ƙara shekara ɗaya ko wannan ɗin ma sai dai mu gani a hannun wasu. Ji wata magana! Yendi fa Wahabu ya aika aka kira Sidiku. Mai zuwa Yendi ya kasa ƙarasowa Salaga? Gaskiyar magana sun san zan ƙi ne, kuma ni mace ce. Yaron da na goya, na wanke wa kashi, yau shi zai sayar mini da shanu goma sha ɗaya ya zo yana mini oda a kasuwa.

Raina ya ɓaci, idona ya rufe. A gaban jama'a na rantse da Allah cewa ƙafata ba za ta taka motar nan ba, kuma ko doyata ɗaya ba za ta hau ta ba. Kowa ya ji, har masu awon gyaɗa na can ƙarshen layi.

Ga inda gizo ke saƙar. A gidanmu, in an sayi abin sana'a, babba ne ke fara ɗora kaya ya sa albarka kafin a fita da shi nema. Haka Baba ya yi wa yayansa, haka muka taso muka gani. Shi ne Wahabu ya kai motar ƙofar gidanmu na gado nan Salaga, inda nake zaune, ya ajiye ta gindin dalbejiya, ya ce ba zai ɗauki kayan kowa ba sai na fara ɗora nawa. Yau kwana talatin da shida. Awaki na kwana a ƙarƙashinta. Ya bar aikinsa, ya bar matarsa Latifatu da 'ya'ya uku a Bawku, yana kwana a zaure. Kullum da safe ya goge gilashi, ya tayar da inji ya kashe. Sidiku ya koma Yendi yana ta aiko mini dattawa. Abinci dai ina aika wa Wahabu, don ba zan bari a ce ya mutu da yunwa a ƙofata ba, amma ko gaisuwarsa ba na amsawa.

Ni kuma ga sabuwar doya ƙwarya shida, wato guda ɗari shida, na saya tana jibge a gonaki. Kin san sabuwar doya ba ta jira, ga damina. Masu tarakta kowace kasuwa sai sun ƙara kuɗi, wai man fetur, kuma sai ka bi layi. Wancan makon na je na tarar kusan ƙwarya ɗaya ta fara ruɓewa. Na dawo gida na wuce motar a tsaye, ko kallonta ban yi ba, amma abinci bai shiga cikina ba ranar.

Hajiya, in na ɗora kaya na karya rantsuwa, na take maganar Baba, kuma na koya wa ƙannena cewa gobe ma su sayar da ni su zo da guɗa. In na ƙi, jarina zai ruɓe, iyalin yaron nan su tagayyara, a ce ni ce. Su suka yi laifi, amma ni ake kallo a matsayin muguwa. Ina adalci a nan? Ki faɗa mini gaskiya, ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Taki cikin ɓacin rai,
Babbar Yaya, Salaga

*

Babbar Yaya,

Wa alaikumus salam. Tunda gaskiya kika nema, bari in fara da wadda za ta yi miki daɗi. An yi miki laifi, babba kuwa. Ba a sayar da dukiyar mutum da ransa da hankalinsa ba da izninsa ba, ko da alheri ake nufinsa da shi. Uzurin kwana biyu bai gamsar da ni ba. Na yarda da ke, tsoron za ki ƙi ne ya hana su tambaya, kuma wannan ba hujja ba ce. Shigowa da oda tsakiyar kasuwa ta ƙara muni, don sun sa ki a inda ba ki da damar yin fushi a asirce. Wahabu da Sidiku, in kuna ji, ku ji: wajibi ne ku durƙusa ku ba yayarku haƙuri da bakinku, a gaban dattawan gida, ba ta hanyar aike ba.

Yanzu ga ɗaya gefen. A kan motar, ina ganin ƙannenki sun fi ki lura da zamani. Ke da kanki kin ce shekara huɗu kuna ƙara shanu, sabuwa tana ƙara nisa. Abin da ake sayowa da dala ba ya jiran mai tara sidi, kuma ba na ganin alamar zai fara jira baɗi. Mutane da yawa masu rufin asiri a Tamale da Kumasi sun sauko sun sayi kwance, ba don ba su san daɗin sabuwa ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kowace kaka da kika yi kina jira, mai tarakta ne ya ci ribarki.

Maganar mahaifinku kuwa, ki duba abin da yake gudu. Tsohuwar lori ta talauta shi, bai so ku sha abin da ya sha. Nasiha ce ta uba da ya ƙone, a zamanin da mai haƙuri ke iya tara kuɗin sabuwa. Ki girmama ta ta inda take da amfani. Kafin motar ta yi tafiya mai nisa, ki zaɓi makanike da kanki, wanda ba abokin Wahabu ba, ya duba inji da ƙarƙashinta ya faɗa muku gaskiya. A nuna miki takardun kwastan da idonki, don motar da ta tsallako iyaka ba takarda ba taka ba ce. A rubuta sunayenku uku, da rabon kowa daidai da shanunsa, wanda ke nufin ke ce mai kaso mafi girma, kuma ba a sayar da ita ko a ba da ita haya sai da yardarki. Abin da za ku ware na gyara kada ku ajiye shi kuɗi, ku sayi taya da batir da kayan inji ku kulle a ɗaki, tunda su ma tashi suke yi.

Rantsuwa kuma ba kurkuku ba ce. Abin da na sani daga malamai shi ne wanda ya rantse a kan wani abu, sannan ya ga barinsa ya fi alheri, sai ya yi abin da ya fi alherin ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma ko ya tufatar da su. Ki je wurin limaminku ki tabbatar, zai gaya miki yadda ake yi. Ina zargin ba tsoron rantsuwar ne kaɗai ya riƙe ki ba, har da kunyar masu awon gyaɗa. Su ba su da ko doya ɗaya a gona, kuma kafin kasuwa biyu za su sami wani abin magana.

Kin ce ƙanenki ya raina ki. A sayar da shanu ya raina ki, ban musa ba. Amma mutumin da ke da makulli a aljihu, da mai a tanki, da 'ya'ya uku suna jira a Bawku, ya zauna kwana talatin da shida bai ɗauki kayan kowa ba, wannan ya san yana da babba. Yana iya tafiyarsa tun ranar farko, ba mai tare shi. Haƙurin da bakinsa ya kasa bayarwa ne yake bayarwa da zama, sai dai iyalinsa ne ke biya, su kuwa ba su yi miki komai ba.

Don haka kada ki bari a kai ranar kasuwa mai zuwa. Ki kira Sidiku ya zo, ki zazzage musu duk abin da ke ranki ba ragi, ki karɓi haƙurinsu. Sannan ki shiga gaban motar ku tafi gona, ki ɗora doyar farko da hannunki. In kun shigo gari ki sa wa Wahabu albarka da murya mai ƙarfi, yadda duk wanda ya ji rantsuwa zai ji wannan ma. Da an gama kwashe kayanki ki kore shi ya tafi ya ga 'ya'yansa.

Allah ya huci zuciyarki, ya tsare muku hanya, ya sa motar ta zama ta arziki, ya jiƙan mahaifinku.

Hajiya Damata