Awa Ɗaya da Rabi Zuwa Oslo

Litinin, 6 ga Maris

'Yata Tuva ta kira. Wai Ylva ta ga hotona a bango ta ce, "Mama, wace ce wannan?" Jikata ɗaya tilo, shekararta uku, ba ta san ni ba. Abin ya yi mini ciwo, amma ban nuna wa 'yata ba.

Tuva ta ce, "Mama, daga Bodø zuwa Oslo awa ɗaya da rabi ne fa a jirgin sama." Na ce a wurina awa goma sha takwas ne a jirgin ƙasa, da canji a Trondheim. Shekara talatin mijina marigayi Steinar yana tuƙa jirgin ƙasa a layin nan, ni matarsa ban san wata hanya ba. Sai dai gwiwata ta daina yarda da dogon zama. Rabona da su shekara biyu ke nan.

Laraba, 8 ga Maris

Maƙwabciyata Oddny ta shigo shan kofi. "Ke dai Ragnhild tsoro kike ji, kike fakewa da Steinar. Ki bar bawan Allah ya huta mana!" Na ce ta sha kofinta ta rufe mini baki. Tana fita na kira Tuva na ce ta yanki tikitin jirgin saman.

Alhamis, 9 ga Maris

Na haɗa guzuri yadda na saba. Burodi da cuku yanka goma sha biyu, kowanne da takardarsa a tsakani, dafaffen ƙwai huɗu, kofi cike da fulas.

Juma'a, 10 ga Maris

A filin jirgi aka ce kofi ba ya wucewa. Na koma gefe na shanye abin da zan iya, don hannuna bai taɓa zubar da kofi ba. Da za mu tashi na runtse ido, gaskiyar Oddny ce. Da abin ya lafa na kwance guzuri. Ina tsakiyar yanka na biyu aka ce a ɗaura bel, za mu sauka. Mutumin da ke gefena ya leƙa jakata ya ce, "Baba, ke har Sifen za ki ne?" Na miƙa masa ƙwai biyu don ya yi shiru.

Kilomita ɗari takwas, ban ga komai ba sai gajimare. Ji na yi kamar na yi maguɗi.

Ylva ta ɓuya bayan uwarta, ko hannu ta ƙi ba ni.

Asabar, 11 ga Maris

Har yanzu "matar nan" take ce mini. Amma ta ci burodina yanka biyu.

Lahadi, 12 ga Maris

Za mu fita wasan ƙanƙara, ta kawo mini takalminta in ɗaura mata. Na ɗaura, ta taɓe baki. "Kaka, ba haka ake yi ba!" Kaka. Na shiga banɗaki na ɗan yi kuka, na daɗi.

Alhamis, 16 ga Maris

Na dawo jiya, gwiwa lafiya lau. Har yanzu ban yarda wannan tafiya ce ba, jefa mutum kawai ake yi daga wani gari zuwa wani.

Da suka rako ni, Ylva ta riƙe mini riga ta ce, "Kaka, gidanki da nisa?" Na ce, "A'a, nan kusa ne." Sai da muka tashi na tuna abin da ya fito daga bakina.

Ban mayar da jakata ɗakin ajiya ba. Tana nan bayan ƙofa.